Ma'aunin Wahala: Yadda Masana Lissafi Ke Gane Rarrabewar da Ba Za Ta Yiwu Ba

Duk wanda aka taɓa ajiye wa tulin kaya aka ce ya ware su iri-iri, ya san aikin hawa biyu ne. Da fari sai ka san me ake nufi da "iri ɗaya". Bayan nan sai ka samo alamar da za ka duba ka gane irin abu nan take, ba sai ka ɗauko kowane biyu ka jera su ka gwada ba. Hawan farko sau da yawa ba ya cin rai. A na biyun ne gizo ke saƙar.

Ɗauki ranaku. Ka ba su lamba 1, 2, 3, haka har gaba, ka ce ranaku biyu iri ɗaya ne idan tazarar da ke tsakaninsu ta rabu da 7 ba saura. Rana ta 3 da ta 24 iri ɗaya ne, don tazararsu 21. Alamar kuwa ita ce abin da ya rage bayan an raba da 7, wanda muka laƙaba wa suna Lahadi, Litinin, Talata. Ka ji sunan rana, ka san ajinta, magana ta ƙare. Irin wannan alama ita zan riƙa kira shaida. Ita kuma dokar da ke faɗin wa da wa ne iri ɗaya, sunanta alaƙar daidaito, kuma sharuɗɗanta uku ne kacal: kowane abu daidai yake da kansa; in na farko daidai yake da na biyu, na biyu ma daidai yake da na farko; in na farko ya yi daidai da na biyu, na biyu da na uku, to na farko da na uku ma sun haɗu. Da zarar an cika ukun nan, kayan sun rabu aji-aji, kowane abu yana aji ɗaya tak.

Babban ɓangare na lissafi neman shaida ne. Siffa mai kusurwa uku, tsawon gefunanta uku sun isa shaida. A 1970 Donald Ornstein ya tabbatar cewa wani jinsin tsarin sa'a irin na jefa kwabo ba iyaka, da ake kira na Bernoulli, lamba guda ɗaya da ake ce wa entorofi, mai auna yawan rashin tabbas, ta isa ta rarrabe su kaf. Sai dai akwai wasu matsalolin da manyan masana suka shafe shekaru hamsin, sittin suna bugawa, shaida ta ƙi samuwa. Nan sai tambaya ta taso: gazawar masana ce, ko kuwa shaidar ce babu ita tun asali? Abin da ya sa nake ƙaunar fannin lissafin da ake kira nazarin tarin da ke siffantuwa shi ne ya ɗauki wannan tambaya, wadda da ƙorafin bakin ofis ce kawai, ya mayar da ita abin da ake kawo wa hujja.

Abin da zai fara zuwa wa mutum shi ne a ƙirga azuzuwan, wanda ya fi yawa shi ya fi wuya. Wannan ba ya kai ko'ina. Tun ƙarni na 19 Georg Cantor ya nuna cewa rashin iyaka ma hawa-hawa ne: lambobin ƙirge 1, 2, 3 ba su da iyaka amma suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya, su ne masu ƙirguwa, ɗigogin da ke kan miƙaƙƙen layi kuwa, waɗanda zan kira lambobin layi, sun fi ƙarfin a jera su. To kusan duk matsalolin da muke magana a kai, mai sauƙinsu da mai wuyarsu, yawan azuzuwansu ɗaya ne, daidai da yawan lambobin layi. Ma'aunin da ke ba kowa nauyi ɗaya bai auna komai ba.

Akwai ma abin da ya fi haka. Lissafi na da ƙa'idar zaɓi, wadda ke cewa in kana da azuzuwa komai yawansu, to akwai hanyar fitar da wakili guda daga kowane aji. Da ita, kowace matsala tana da shaida a take: wakilin ajin. Amma ƙa'idar cewa kawai ta yi akwai, ba ta nuna maka ko wakili ɗaya ba. Giuseppe Vitali ya gwada wannan a 1905. Ya ce lambobin layi biyu iri ɗaya ne idan bambancinsu kaso ne, wato lambar da ake rubutawa wata bisa wata, kamar rabi, sulusi ko 22 bisa 7. Ya fitar da wakili ɗaya daga kowane aji tsakanin 0 da 1, sai ga tarin wakilan ya zama abin da ba a iya ba shi tsawo ko kaɗan: in ka ce tsawonsa sifili ne a samu karo, in ka ce ya fi sifili ma a samu karo. Shaidar da ba ka iya rubuta ta, ba ka iya lissafa ta, ba ta raba gardama.

Saboda haka aka taƙaita wasan ga abin da ake iya siffantawa, daga nan ma fannin ya samo sunansa, nazarin tarin da ke siffantuwa. Ana farawa da tari masu sauƙi, kamar duk lambobin da ke tsakanin 2 da 5. Sai a yarda da aiki biyu: ɗaukar duk abin da ba ya cikin tari, da haɗa tari masu ƙirguwa wuri guda. Duk abin da aka gina ta haka, komai tsawon ginin, sunansa tarin Borel, don tunawa da Émile Borel na Faransa wanda ya fara aiki da su a 1898. Hanyar da ke ɗaukar abu ta ba da amsa kuwa ana ce mata ta Borel idan kowace tambaya mai sauƙi game da amsar tana komawa ga tarin Borel. A taƙaice, hanya ce da kowane ɗigo na amsarta ke fitowa daga tambayoyi masu ƙirguwa na "e ko a'a" game da abin da aka ba ta. Wannan kalma tana da faɗi sosai, ta haɗe duk abin da kwamfuta ke iyawa har da ninkin-ba-ninkinsa. Shi ya sa in aka ce babu hanyar Borel, maganar tana da nauyi.

Fannin kansa daga kuskure ya tsiro. A wata takarda ta 1905, Henri Lebesgue ya ɗauka cewa in ka haska tarin Borel da ke kan shimfiɗa, inuwarsa a kan layi ma tarin Borel ce. Wani ɗalibin Nikolai Luzin a Mosko, Mikhail Suslin, ya gano ba haka ba ne, aka buga sakamakonsa a 1917. Inuwar na iya fin mai ita sarƙaƙiya. Suslin ya rasu a 1919 yana ɗan shekara 24, amma inuwoyin nan nasa za mu sake cin karo da su a gaba.

Yanzu ga ma'aunin. Harvey Friedman da Lee Stanley ne suka shimfiɗa shi a 1989. A ce muna da alaƙar daidaito biyu, E a kan wasu kaya, F a kan wasu. Muna cewa E ta sauka cikin F idan akwai hanyar Borel da ke mayar da kowane kayan E ya zama kayan F, ta yadda biyu da suke iri ɗaya a E za su sauka aji ɗaya a F, biyu da suka bambanta kuma su sauka azuzuwa daban. Ma'anar ita ce azuzuwan F sun zama shaida ga E. Wanda ya iya warware F, ya warware E a kyauta, don haka E ba ta fi F wuya ba. In kowacce ta sauka cikin ɗayar, wuyarsu ɗaya. In E ta sauka cikin F amma F ta ƙi sauka cikin E, to F ta fi wuya, kuma wannan abin da ake tabbatarwa ne da hujja.

Ƙasan tsanin a tsare yake gwanin sha'awa. Akwai alaƙa mai aji ɗaya, mai biyu, mai uku, har zuwa mai azuzuwa masu ƙirguwa. Jack Silver ya nuna a 1980 cewa daga nan babu wani matakin tsakiya: duk alaƙar Borel, ko dai yawan azuzuwanta mai ƙirguwa ne, ko kuma daidaiton lambobin layi, wato alaƙar da kowace lamba ke ajinta ita kaɗai, ya sauka cikinta. Wanda ya san tarihi zai jinjina wannan, don tambayar ko akwai wani girma tsakanin lambobin ƙirge da lambobin layi ita ce wadda aikin Kurt Gödel da na Paul Cohen a 1963 suka nuna ƙa'idojin lissafi na yau da kullum ba sa iya yanke ta. A duniyar Borel kuwa amsar a fili take: babu. Alaƙar da ke sauka cikin daidaiton lambobin layi, wato wadda lamba guda ke isar ta shaida, ita ake kira mai sumul. Ranakun mako, siffa mai kusurwa uku, tsarin Ornstein, duk sumul ne.

Mataki na gaba shi ne wanda ya kamata a tsaya a kansa. Ka yi tunanin jefa kwabo ba iyaka, kana rubuta 0 ko 1 a kowane jifa. Jeri biyu iri ɗaya ne idan daga wani wuri zuwa gaba sun zama abu ɗaya, komai saɓanin da suka yi a farko. Jerin 1101000… da 0011000…, in suka ci gaba da tafiya tare daga gurbi na huɗu, aji ɗaya suke. Wannan alaƙa ita ce E₀. Faɗinta ba wuya, yaro ma zai gane. Amma ba ta da shaidar lamba, kuma hujjar gajeriya ce har zan iya kawo ta nan.

A ce akwai hanyar Borel da ke ba kowane jeri lambar shaida. Rubuta lambar da 0 da 1 ita ma. Dubi gurbinta na farko, ka tambaya: wane jerin jifa ne ke ba da 1 a nan? Tun da shaida ce, canza jifa goma na farko, ko dubu, ko miliyan, ba zai taɓa amsar ba, don jerin bai bar ajinsa ba. To akwai dokar Andrey Kolmogorov ta sifili-ko-ɗaya, wadda ke cewa duk al'amarin da ba ya damuwa da kowane adadi mai iyaka na jifan farko, yiwuwarsa ko dai sifili ce ko ɗaya cif, babu rabi-da-rabi. Ke nan gurbin farko na shaidar a yanke yake ga kusan dukan jeri. Haka gurbi na biyu, haka na uku. Guraben masu ƙirguwa ne, don haka in aka haɗa su, kusan dukan jeri lambar shaida ɗaya suke samu, wato kusan dukansu aji ɗaya suke. Amma kowane aji na E₀ mai ƙirguwa ne, yiwuwar jifa ya faɗa cikin aji guda sifili ce. Abin da yiwuwarsa ɗaya ce ba zai shige cikin abin da yiwuwarsa sifili ce ba. Shaidar babu ita.

Duk lokacin da na bi hujjar nan sai ta sake burge ni, don ba ta ce mun nema ba mu samu ba. Ta rufe ƙofa ga kowace dabara da wani zai ƙirƙiro nan gaba, matuƙar dabarar tana siffantuwa. A 1990 kuma Leo Harrington, Alexander Kechris da Alain Louveau, suna ɗorawa a kan aikin James Glimm da Edward Effros na shekarun 1960, suka tabbatar da abin da ya fi wannan: duk alaƙar Borel, ko dai sumul ce, ko kuma E₀ na sauka cikinta. Wato duk inda shaidar lamba ta gagara, in ka tona, jifan kwabon nan ne a kwance a ƙasa. Alaƙar Vitali ma wuyarta daidai take da E₀.

Misalin da ya fi nuna amfanin ma'aunin daga aljabara ya fito. Guruf a nan tari ne na lambobi da in ka tara biyu ko ka ɗebe, amsar ba ta fita daga cikinsa. A 1937 Reinhold Baer ya rarrabe duk guruf da ke cikin lambobin kaso. Dabararsa: ɗauki ɗan guruf ɗaya wanda ba sifili ba, ka bi lambobin da ba sa rabuwa, 2, 3, 5, 7, 11, ka tambaya sau nawa ake iya raba shi da kowacce ba tare da an fita daga guruf ba. Cikakkun lambobi, in ka fara da 1, suna ba da 0, 0, 0, har abada. Guruf ɗin da ya ƙunshi rabi-rabi yana ba da 1, 0, 0, kuma in ka lura shi da na farko siffarsu ɗaya, ninkawa da 2 ke mayar da wannan ya zama wancan. Amma wanda ya ƙunshi rabi, rubu'i, sumuni, haka ba iyaka, gurbinsa na farko "mara iyaka" ne, kuma wannan dabam yake. Hukuncin Baer shi ne guruf biyu siffarsu ɗaya idan jerinsu ya saɓa a gurabe masu iyaka kawai, kuma a inda suka saɓa babu "mara iyaka". Duk wanda ya karanta sakin layin baya zai gane fuskar nan. Wuyar matsalar Baer daidai take da E₀.

Sai aka matsa zuwa guruf na lambobin kaso bibbiyu, wato daraja ta 2, da uku-uku, daraja ta 3. Kurosh da Malcev sun kawo nasu shaidun a ƙarshen shekarun 1930, amma gwada shaidun nasu bai fi gwada guruf ɗin kansu sauƙi ba. Haka aka zauna shekara sittin. A 1999 Greg Hjorth, ɗan Ostireliya wanda kuma gwanin wasan ces ne, ya tabbatar cewa daraja ta 2 ta fi ta 1 wuya. A 2003 Simon Thomas ya kammala: kowace daraja ta fi wadda ke ƙasanta wuya, ba iyaka. Mutanen da suka gaza a shekarun nan ba rashin basira ya kayar da su ba, shaida irin ta Baer ce babu ita a can.

Daga E₀ zuwa sama, tsanin ya daina zama tsani. A cikin alaƙoƙin da kowane ajinsu mai ƙirguwa ne, akwai guda da ta fi kowa, ana rubuta ta E∞, duk sauran na sauka cikinta. Ana gina ta da bishiya mara iyaka wadda kowace gaɓarta ke da rassa huɗu: a shafa wa kowace gaɓa 0 ko 1, shafi biyu kuma iri ɗaya ne idan gusar da bishiyar ta mayar da wannan wancan. Thomas da Boban Velickovic sun nuna a 1999 cewa rarrabe guruf masu tushe mai iyaka, wato waɗanda wasu 'ya'yansu masu iyaka ke haifar da duk sauran, ko da ba na lambobi ba ne, wuyarsa ta kai nan. Tsakanin E₀ da E∞ kuwa, Scot Adams da Kechris sun tabbatar a 2000 cewa akwai alaƙoƙi da yawansu bai ƙirguwa, waɗanda babu wadda ke sauka cikin wata. Kowacce da irin wuyarta. Makamin da suka yi aiki da shi ma ba na wannan fanni ba ne, aron sa suka yi daga aikin Robert Zimmer a kan taurin manyan guruf na matiriks, wato teburan lambobi.

Can sama kuma akwai matsalolin da suka haɗiye duk wani gini mai ƙirguwa. Friedman da Stanley sun nuna cewa rarrabe zane-zanen ɗigo da layi masu ƙirguwa, ko guruf masu ƙirguwa gaba ɗaya, shi ne ƙololuwar wannan jinsi. Sun bar tambaya a kan guruf irin na Baer idan aka cire iyakar daraja, ta zauna fiye da shekara 30, har Gianluca Paolini da Saharon Shelah suka sanar a 2021 cewa su ma sun kai ƙololuwar.

Hjorth ya wuce nan. Ya tambaya: in mun yi sassauci muka yarda shaida ta zama kowane irin gini mai ƙirguwa, guruf ko zane ko jeri, akwai matsalar da har yanzu za ta gagara? Akwai. Ɗauki jerin lambobin layi marasa iyaka, ka ce biyu iri ɗaya ne idan bambancinsu yana ƙanƙancewa zuwa sifili. Kowane aji siriri ne ƙwarai, amma ya watsu ko'ina, kuma daga inda kake tsaye kana iya takawa da ƙananan taku, ba ka fita daga ajinka ba, ba ka yi nisa da unguwa ba, har ka kusanci duk inda kake so a unguwar. Wannan hali shi ya kira hargitsi, a littafinsa na shekarar 2000, ya kuma tabbatar cewa duk inda yake, gini mai ƙirguwa ba ya zama shaida. Da wannan makami Matthew Foreman da Benjamin Weiss suka tunkari burin da John von Neumann ya kafa tun 1932, na rarrabe tsare-tsaren motsi masu gauraya da ake kira ergodik. A 2004 suka nuna hargitsi na ciki. A 2011, shekarar da Hjorth ya rasu yana da shekara 47, su biyun tare da Daniel Rudolph suka buga abin da ya fi tsanani: ita kanta tambayar "waɗannan biyun iri ɗaya ne?" ba ta Borel ba ce, inuwa ce irin ta Suslin. Nasarar Ornstein gaskiya ce, amma a ɗan lungu ɗaya na babban gida.

Ni dai hankalina ya fi komawa ƙasa, kusa da E₀, inda ake ganin kamar komai ya kamata a ce an gama. Jacob Feldman da Calvin Moore sun nuna a 1977 cewa duk alaƙar Borel da kowane ajinta mai ƙirguwa ne, wani guruf mai ƙirguwa ne, a nan tarin matakai da ake iya haɗawa da warwarewa, ke juya kayan ya haifar da ita. In guruf ɗin na cikakkun lambobi ne, wato mataki ɗaya ake maimaitawa gaba da baya, alaƙar ba ta wuce E₀. Sai Weiss ya tambaya ko haka abin yake ga duk guruf masu sauƙin kai, jinsin da von Neumann ya ware a 1929, waɗanda ba a iya yin siddabarun Banach da Tarski da su, na yanka ƙwallo ɗaya a harhaɗa biyu. In an yarda a zubar da ɗan tarin da yiwuwarsa sifili ce, Ornstein da Weiss sun amsa da e tun 1980. In ba za a zubar da ko ɗigo ɗaya ba, aikin ya koma taku-taku. Steve Jackson, Kechris da Louveau sun ci guruf masu girman da bai wuce kima ba a 2002. Wani mai suna Su Gao da Jackson sun ci duk guruf da tsarin tarawa ba ya canza amsarsu a 2015, da hujja mai cike da gine-ginen akwatuna a cikin akwatuna. An ƙara cin wasu jinsunan bayan nan, amma cikakkiyar tambayar Weiss tana nan a buɗe, kuma duk abin da ya hana a rufe ta yana cikin tarin nan mai yiwuwar sifili wanda Ornstein da Weiss suka zubar.